Judo, kareti da kokawa a tsofaffin finafinan 'yan sanda da masu laifi na Hollywood

Tambaya: Malam, ni mai sha'awar finafinan faɗa ne irin na 'yan Chana, da kuma wasan resilin. Kwanan nan na fara kallon tsofaffin finafinan Amurka marasa kala, na 'yan sandan ciki da miyagu, sai na ga kamar babu komai a ciki sai bindiga da naushi. Shin akwai waɗanda aka yi judo ko kareti ko kokawa a cikinsu tun kafin zamanin Bruce Lee? In akwai, da wanne ya kamata in fara?

Amsa: Akwai su, kuma ba kaɗan ba ne, sai dai in ka shige su da tsammanin abin da ka saba gani a finafinan Hong Kong, inda ba a daɗewa ba a gwabza ba, za ka fito kana ganin an cuce ka. A tsofaffin finafinan laifi na Hollywood, wato daga tsakiyar shekarun 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1960, irin faɗan da kake nema sau ɗaya ko sau biyu yakan zo a fim, kuma yakan ƙare tun mai kallo bai gama gyara zama ba. Abin da ya sa duk da haka ya cancanci a neme shi shi ne, masu shirya finafinan ba don ado suke saka shi ba. Sun raba aikin gida biyu, kuma ba su cika saɓa wa rabon ba. Judo da kareti sukan ba ƙaramin mutum, ko mai nakasa, ko wanda aka raina, domin ya ba da mamaki. Kokawa kuwa sukan bar wa ƙato, wanda ko dai wani ya yi hayar ƙarfinsa, ko kuma 'yan kasuwar bayan fage suna cin abinci da jikinsa.

Ƙarancin faɗan yana da dalili. Wasan da Ba'amurken wancan zamani ya ɗauka nasa shi ne damben boksin, shi ya sa manyan finafinan da aka gina a kan caca da sayar da wasa, irin su Body and Soul na 1947 da The Set-Up na 1949, a kan dambe suke, kuma da naushi ake son jarumi ya gama da abokin gabarsa. Sannan akwai ƙa'idar tace finafinai da kamfanonin suka ɗora wa kansu, wadda aka rubuta a 1930, aka kuma fara aiki da ita ba sani ba sabo a 1934 a ƙarƙashin Joseph Breen. Ta hana a nuna kisan gilla dalla-dalla, don haka ba a cika jan dukan da zai kai ga jini ko karaya ba. Amma judo ba baƙo ba ne ga Amurkawa. Jigoro Kano ya kafa makarantarsa ta Kodokan a Tokiyo a 1882, kuma a 1904 shugaban Amurka Theodore Roosevelt da kansa yana ɗaukar darasi a hannun wani almajirin makarantar mai suna Yamashita. Daga nan aka ɗauki judo a matsayin ilimin da ya dace da jami'in tsaro, kuma haka ya fito a G Men na 1935, inda James Cagney, a matsayin lauyan da ya shiga aikin binciken gwamnatin tarayya, ya burge da naushi a wurin horo, sai wani abokin aikinsa ya dinga nana shi da ƙasa da dabarar Japanawa har ya gane akwai sauran karatu a gabansa.

Wanda ya fara mayar da judo tambarin jarumi shi ne Mr. Moto. Kamfanin 20th Century Fox ya yi finafinai takwas a kansa daga 1937 zuwa 1939, shida daga ciki Norman Foster ne ya ba da umarninsu, kuma an ɗauko shi ne daga littattafan John P. Marquand. Moto jami'in bincike ne Bajapane, gajere, mai tabarau, mai yawan rusunawa da ladabi, wanda miyagu ke yi wa kallon ba zai iya komai ba har sai sun ji su a sama. Ba kamar Charlie Chan ba, wanda da kaifin tunani da karin magana yake kama ɓarawo, Moto yakan kashe mutum in ta kama, kuma ba ya nuna abin ya dame shi. A Mr. Moto in Danger Island na 1939, inda yake bin sawun masu fasa-ƙwaurin lu'ulu'u a tsibirin Puerto Rico, har ɗan kokawa aka ba shi ɗan rakiya, wani ƙato mai ƙarfi marar dabara, kuma kowa ya kalli su biyun ya san wane ne maigida. Sai dai Peter Lorre, wanda ya fito a Moto, ba Bajapane ba ne, Bature ne haifaffen tsohuwar daular Ostiriya da Hangare, kuma yawancin jifan da ake gani Harvey Parry ne ya yi su a madadinsa. Wannan ɗabi'a ta yi wa Bature kwalliya a ce ga ɗan Asiya ita ce babbar illar finafinan nan, kuma za ka yi ta cin karo da ita.

Da dangantaka ta lalace tsakanin Amurka da Japan, musamman bayan harin Pearl Harbor na ranar 7 ga Disamba 1941, sai judo ya koma alamar maƙiyi. A Behind the Rising Sun na 1943 an haɗa ɗan damben Amurka da gwanin judo na Japan, Robert Ryan da Mike Mazurki, aka ba ɗan damben nasara, kuma ba sai an yi wa kowa bayanin abin da ake nufi ba. Fim ɗin da ya fi muhimmanci a wannan zango shi ne Blood on the Sun na 1945, wanda Frank Lloyd ya ba da umarni. Cagney ya fito a Nick Condon, editan wata jaridar Turanci a Tokiyo, wanda ke ƙoƙarin fitar da wata takardar sirri da aka ce tana ɗauke da shirin Japan na mamaye duniya, takardar da yawancin masana tarihi a yau suke ganin jabu ce. Labarin farfagandar yaƙi ce, kuma manyan shugabannin Japan da ke ciki Turawa ne aka yi wa kwalliya. Amma faɗan ƙarshe na gaske ne ta fuskar fasaha, domin Cagney ya yi horo sosai kafin a fara ɗauka, kuma John Halloran, wanda ya fito a Kyaftin Oshima, tsohon ɗan sandan Los Angeles ne da ya ƙware a judo. Za ka ga jifa ta kan kafaɗa da ta kan ƙugu, da shaƙa, da murɗe hannu a ƙasa, kuma kamara tana tsayawa nesa ta bar ka ka ga jikin mutum biyu gaba ɗaya, abin da finafinan yau masu yawan yanka ba su cika yi ba. Ka lura da yadda aka rufe shi, domin bayan duk wannan judo, da naushi Cagney ya ƙarasa abokin karawarsa. Tokyo Joe na 1949 ma yana da judo, amma ba zan ce ka ɓata lokaci a kansa ba, don ko yaro zai gane ba Humphrey Bogart ba ne ke yin jifan.

Bayan yaƙi abin ya sake juyawa, kuma a nan ne aka yi Bad Day at Black Rock na 1955, na John Sturges. Spencer Tracy ya fito a John Macreedy, tsohon soja wanda hannunsa na hagu ya mutu, ya sauka daga jirgin ƙasa a wani ɗan ƙauyen hamada da jirgi ya shekara huɗu bai tsaya ba. Ya zo ne ya miƙa lambar yabo ga wani manomi Bajapane mai suna Komoko, wanda ɗansa ya rasu a Italiya wajen ceton ran Macreedy. Abin da bai sani ba shi ne mutanen garin, a ƙarƙashin Reno Smith, wanda Robert Ryan ya fito a matsayinsa, sun kashe Komoko bayan harin Pearl Harbor, kuma kowa ya kama bakinsa. Fiye da rabin fim ɗin ana tsokanar Macreedy yana haɗiyewa, har aka kai wurin da Ernest Borgnine ya tsare shi a gidan abinci, ya ɓata masa abinci, ya zage shi, ya kai masa hannu. Da hannu ɗaya dattijon ya sare shi a wuya da gefen tafi, ya bi shi da wasu saran, ya wurga shi ta ƙofa. Faɗan gajere ne ƙwarai, amma nauyinsa ya fi na awa guda na tsalle-tsalle, domin garin da ya kashe Bajapane da fasahar Japanawa aka fara karya masa lago. A lokacin Amurkawa ba su manta ba cewa gwamnatinsu ta tsare mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni tun daga 1942, kuma fim ɗin yana cikin na farko da suka taɓo wannan ƙiyayya. Tracy ya samu kyautar gwarzon jarumi a bikin Cannes na 1955 saboda shi.

Sai a 1959 aka ba ɗan asalin Japan matsayin jami'in bincike kuma jarumin soyayya a lokaci guda, a The Crimson Kimono na Samuel Fuller. James Shigeta, haifaffen Hawai, ya fito a Joe Kojaku, shi da abokinsa Bature Charlie Bancroft, wanda suka yi yaƙin Koriya tare, suna binciken kisan wata 'yar rawa a unguwar Japanawa ta Los Angeles. Su biyun suka kamu da son mace ɗaya, kuma maganar da suka kasa yi da baki sai ta fito a gasar kendo, wato wasan takobin gora da ake rufe fuska a yi, inda Joe ya manta da ƙa'ida ya hau abokinsa da duka har ya kusa halaka shi. Bayan wannan sai The Manchurian Candidate na 1962, inda Frank Sinatra da Henry Silva suka farfasa ɗaki da kareti, har Sinatra ya ji ciwo na gaske a hannu da ya sari tebur. Shi kansa Bruce Lee ta ƙofar fim ɗin bincike ya shiga manyan finafinan Hollywood, a Marlowe na 1969, wanda ɗalibinsa Stirling Silliphant ya rubuta daga wani littafin Raymond Chandler. An ba shi matsayin yaron miyagu mai suna Winslow Wong, wanda ya kawo wa James Garner kuɗi don ya janye daga bincike, da aka ƙi karɓa ya ragargaza ofishin da hannu da ƙafa, har fitilar da ke rataye a sama bai bari ba. A haɗuwarsu ta biyu aka sa Garner ya tunzura shi da baƙar magana, ya kai tsalle ya faɗo daga saman bene. Ko a 1969 ke nan Hollywood ba ta yarda ɗan Asiya ya ci Bature a irin wannan labari ba, kuma shekara biyu bayan haka Lee ya koma Hong Kong.

Ɓangaren kokawa tarihinsa dabam ne, domin a nan ba a buƙatar wani ya shiga madadin wani: 'yan kokawar gaske aka ɗauko daga fage aka sa a gaban kamara. Babbansu shi ne Mike Mazurki, wanda aka haifa a 1907 a yankin da yake cikin Yukiren a yau, ya tashi a Amurka, tsawonsa ya kusa mita biyu, kuma duk da cewa ya yi karatu har ya gama kwaleji, matsayin dolo mai ƙarfi aka yi ta ba shi har tsufansa. Fitowarsa mafi kyau a wannan salo ita ce Moose Malloy a Murder, My Sweet na 1944, na Edward Dmytryk, inda ya fito daga kurkuku bayan shekara takwas ya ɗauki mai bincike mai zaman kansa Philip Marlowe haya ya nemo masa budurwarsa Velma. Moose ba ya harbi, ba ya ma cika kai naushi, kamawa yake yi ya matse, kuma abin tsoro game da shi shi ne bai san iyakar ƙarfinsa ba, kowa kuma yana juya shi yadda ya ga dama. Mazurki ne ya kafa ƙungiyar tsofaffin 'yan kokawa ta Cauliflower Alley Club a 1965.

Akwai ƙananan misalai da za a iya wucewa da sauri. A Shadow of the Thin Man na 1941, Nick da Nora Charles, ma'auratan da ke binciken laifi a fim ɗin, sun je kallon kokawa a tsakiyar bincike, kuma don raha aka saka wurin. Da talabijin ta shiga gidajen Amurkawa a ƙarshen shekarun 1940 ta ɗaga resilin sama, sai kamfanin Republic ya yi Alias the Champ a 1949, da tauraron lokacin Gorgeous George, inda miyagu ke neman ƙwace harkar kokawa, aka kashe mutum a fage aka ɗora masa. Darajarsa ta tarihi ce kawai, fim ɗin ba shi da ƙarfi. Wanda ya fi su nesa ba kusa ba shi ne The Killing na 1956, na Stanley Kubrick, labarin fashin dala miliyan 2 a filin sukuwa. Shugaban 'yan fashin, Sterling Hayden, ya je gidan da ake buga darar Turawa ya sami wani tsohon ɗan kokawa mai suna Maurice, ya biya shi don ya ta da rigima a mashayar filin ya janye hankalin masu gadi. Kola Kwariani ne ya fito a Maurice, ɗan kokawa ne na ainihi daga ƙasar Jojiya, kuma gwanin dara wanda Kubrick ya sani a gidajen dara na New York. A zaune, shi ne mafi zurfin tunani a duk fim ɗin; da lokaci ya yi kuma aka yage masa riga, ya dinga ɗaga 'yan sanda yana watsarwa har sai da suka taru masa.

Amma in ana maganar kokawa a finafinan laifi, Night and the City na 1950 ba shi da na biyu. Kamfanin Fox ne ya yi shi, amma a Landan aka ɗauka, domin darakta Jules Dassin yana gab da shiga jerin waɗanda aka haramta wa aiki a Hollywood bisa zargin kwaminisanci, sai shugaban kamfanin Darryl Zanuck ya tura shi Ingila da gaggawa. Richard Widmark ya fito a Harry Fabian, ɗan damfara mai jawo wa wani gidan rawa baƙi, wanda kullum yake da sabuwar dabarar yin arziki. Harkar kokawa a Landan tana hannun wani mai suna Kristo, wanda Herbert Lom ya fito a matsayinsa, kuma irin wadda ake tsarawa tun kafin a hau fage yake sayarwa. Mahaifinsa Gregorius, tsohon zakaran kokawar Girka da Rum, yana ƙyamar wannan sana'a ta ɗansa, yana ganin ta wasan banza. Fabian ya ga ƙofa a nan. Ya yaudari tsohon da alƙawarin zai farfaɗo da kokawar gaskiya, don ya san muddin uban yana tare da shi, ɗan ba zai taɓa shi ba.

Kokawar Girka da Rum ta bambanta da tamu ta gargajiya, inda ake kama ƙafa kuma da mutum ya faɗi magana ta ƙare. A tasu ba a kama ƙasa da ƙugu, kuma sai an danne kafaɗun mutum duka biyun a ƙasa, don haka wasa ne na ƙirji da wuya da haƙuri, wanda ba ya tara 'yan kallo kamar resilin. Wannan ne ya karya Fabian, domin mai ba shi jari ya matsa masa sai ya kawo tauraron resilin da ake kira Strangler, wato Mazurki, ya kara da Nikolas, almajirin Gregorius. Fabian ya je ya tunzura Strangler don ya yarda da wasan, shi kuwa ya sha ya bugu ya zo gidan horo yana zagi, har tsohon ya fusata ya hau fage da kansa. Abin da ya biyo baya shi ne faɗa mafi nauyi da na sani a tsohuwar Hollywood. Babu tsalle, babu burga, babu taron 'yan kallo, sai ƙatti biyu suna nishi, gumi na zuba, ɗaya yana bin ƙa'ida ɗaya yana cusa yatsa a ido. A cikin hargitsin Nikolas ya karye a wuyan hannu, wanda ke nufin wasan da Fabian ya ci bashi a kansa ya rushe. Gregorius ya rungumi Strangler ya matse shi har ya sare, ya ci nasara, amma jikinsa bai ɗauka ba, ya cika a gaban ɗansa. Kristo ya sa ladan fam 1,000 a kan Fabian, kuma sauran fim ɗin gudu ne a lungunan Landan har zuwa gadar Hammersmith, inda Strangler ya cim masa.

Abin da ya ƙara wa wannan fage nauyi shi ne mutumin da ya fito a Gregorius. Stanislaus Zbyszko ɗan ƙasar Foland ne, shekarunsa wajen 70 a lokacin, kuma ba ɗan wasan fim ba ne. Ya kara da shahararren ɗan kokawar Indiya Gama a Landan a 1910, ya karɓi kambun duniya daga hannun Ed Lewis a 1921, sannan a 1925 aka shirya ya faɗi a hannun Wayne Munn, wani tsohon ɗan ƙwallon Amurka da masu shirya wasa suka ɗora a kan kambu saboda girman jikinsa ba don iyawa ba, sai Zbyszko ya watsar da yarjejeniyar a kan fage ya danne shi da gaske ya ƙwace kambun. Rigimar da ke tsakanin Gregorius da ɗansa, ta kokawar gaske da ta tsari, rigima ce da shi Zbyszko ya rayu a cikinta, kuma ana ganin haka a fuskarsa. Ken Richmond, wanda ya fito a Nikolas, shi ma ɗan kokawa ne, ya ciyo wa Birtaniya tagulla a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952.

Da Night and the City nake ba ka shawarar ka fara, sannan ka bi da Bad Day at Black Rock, in kuma fasahar jifa kake son gani da idonka sai ka nemi Blood on the Sun. Sai dai ka kula wajen nema, domin Night and the City iri biyu ne, akwai na kasuwar Amurka mai kiɗan Franz Waxman, akwai na kasuwar Ingila mai kiɗan Benjamin Frankel, wanda ya ɗan fi tsawo kuma aka sassauta ƙarshensa. Na Amurka shi ne wanda Dassin ya ce ya fi kusa da abin da ya nufa. Akwai kuma wani fim mai wannan suna da aka sake yi a 1992 da Robert De Niro, amma shi an mayar da labarin New York, an kuma musanya kokawar da damben boksin.